Yadda Za Ka Tsare Kyanwarka Daga Dila Da Yanyawa

Manomi ya kan yi wata huɗu ko biyar yana fama a gona. Ya yi shara, ya yi shuka, ya yi noman fari da maimai, ya girbe, ya ɗaure dammuna, ya zuba a rumbu. Daga ran nan sai wani ma'aikaci ya karɓi aiki, wanda ba a biyansa ko kwabo. Kyanwa ke nan, wadda waɗansu ke kira mage, waɗansu kuma mussa. Gidan da ke da kyanwa mai kuzari, ɓera ba ya sakewa a cikinsa. In kuwa ta ɓace, kafin wata biyu sai uwargida ta fara ganin kashin ɓera a cikin tsaba, buhu ya huje, ƙwarya ta sha gurgura. Macen ɓera guda tana iya haihuwa sau 5 a shekara ko fiye, ko wace haihuwa kuwa 'ya'ya 6 ko 7. Saboda haka ɓatan kyanwa ba ƙaramar hasara ba ce ga mai rumbu.

Mutanen da gidajensu ke bakin gari, da masu garka a bayan gida, da masu lambu a fadama, su suka fi kukan ɓatan kyanwa. Da an tambaye su sai su ce ai dila ne, ko yanyawa. Wani lokaci gaskiyarsu, wani lokaci kuwa ba haka ba ne. Bari mu fara da sanin dabbobin nan biyu, don ba a maganin abin da ba a sani ba.

Yanyawa 'yar ƙaramar dabba ce mai kama da ɗan kwikwiyo, ga dogon baki, ga manyan kunnuwa, ga wutsiya mai gashi buzu-buzu, bakin wutsiyar baƙi. Launinta irin na rairayi ne.  Akwai 'yar mitsitsiya ta cikin hamada, wajen Agadas da arewa da nan, wadda nauyinta bai cika wuce kilo 1 da rabi ba. Akwai kuma wadda ta ɗan fi ta girma, ita ce ta ƙasashenmu. Ana samunta tun daga Senegal, ta Nijar da arewacin Nijeriya da Chadi, har Sudan. Nauyinta kilo 2 ne zuwa 3 da rabi, watau kamar ƙaton zakara. A rami ta ke zama, ita da mijinta da 'ya'yansu. Gwanar haƙa ce ƙwarai, raminta ya kan yi tsawon mita 10 ko fiye a ƙarƙashin ƙasa. Da rana tana ciki tana barci, sai duhu ya yi ta fito. Abincinta fara, da gara, da gyare, da ɓera, da ƙadangare, da ƙwan tsuntsu, da 'ya'yan itace. Tana son guna da kankana, domin daga nan ta ke samun ruwa da rani.

To, babbar kyanwa mai ƙoshi nauyinta kilo 3 ne zuwa 5. Ka ga ke nan ta kai yanyawa, sau da yawa ma ta fi ta. Ga haƙora, ga farata masu kaifi a ƙafa huɗu. Yanyawa kuwa ba wawa ba ce. Naman dajin da ya ji rauni a ido ko a ƙafa ba shi da mai jinya, yunwa ce za ta kashe shi. Don haka ba ta kan shiga faɗan da ba dole ba. In suka yi kiciɓis da babbar kyanwa, sai kyanwa ta gantsare baya ta yi huci, yanyawa ta ratse ta kama gabanta. Abin da yanyawa ke iya ɗauka shi ne ɗan kyanwa wanda bai yi ƙwari ba, da 'yan tsaki, da ƙwai.

Dila shi ne abin tsoro. Ya kan kai kilo 7 har zuwa 14, kamar matsakaicin karen gida. Yawanci biyu-biyu su ke yawo, namiji da mace. Ba ya ƙin kome: mushe, zomo, kaza, ɗan akuya sabon haihuwa, gyaɗa, kanya, magarya. Ba banza a ke ce masa malamin daji ba, ya kan yi kwana da kwanaki yana kewaya gida yana karanta halin masu shi kafin ya shiga. Dila yana iya kashe babbar kyanwa in ya rutsa ta a fili inda babu abin hawa. Tsohuwar kyanwa, da mai ciwo, da mai tsohon ciki, su suka fi shiga hannunsa, don ba su da saurin tsalle.

Amma kada ka yanke wa dila hukunci ba shaida. Sau da yawa karnukan gari ne ke kashe 'ya'yan kyanwa. Muzuru ma ya kan kashe 'ya'yan da ba nasa ba. Shaho ya kan sure ɗan kyanwa da rana tsaka, babbar mujiya kuma da dare. Ga yadda za ka gane mai zuwa maka. Da yamma ka share gindin danga, ka barbaɗa toka ko lallausan rairayi, ka daidaita shi da tsintsiya. Da asuba, kafin kaji su fito su tattake, ka je ka duba. Sawun kyanwa da na muzuru kewayayye ne, ba ka ganin alamar farce, domin su kan janye faratansu ciki in suna tafiya. Sawun kare da na dila da na yanyawa kuwa duk da alamar farata a gaban yatsu. Na yanyawa ɗan ƙarami ne. Na dila ya fi na kare tsukewa da tsawo. Tokar nan kuma za ta nuna maka ainihin kafar da a ke shigowa, ka huta da neme-neme.

Yanzu sai babbar tambaya. Me ke kawo su? Ba kyanwa su ke fitowa nema daga daji ba. Wari su ke bi. Hancin dila da na yanyawa ya fi namu nesa ba kusa ba. Hausawa sun ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ka tashi ka zaga gidanka ka duba da kyau. Juji yana ina? A yawancin gidaje yana bayan danga, dab da garka. A nan a ke watsar da ƙashi, da hanjin kaza, da ƙayar kifi, da ƙanzon tuwo. In kaza ta mutu, nan a ke wurga ta. In akuya ta haihu, nan a ke jefar da mabiyiya. Ashe kullum dare muna shimfiɗa wa dila tabarma muna ajiye masa akushi, sa'an nan mu yi mamaki ya zo. Kyanwa kuma jujin nan ta ke zuwa farautar ɓera. A nan su ke haɗuwa.

Maganin wannan ba ya cin kuɗi. Ka haƙa rami nesa da garka, zurfinsa ya kai ƙugu. Duk abin da ke da jini ko ƙarni a zuba a ciki, a bi shi da toka da ƙasa nan take, a danne da dutse ko tsohon faifan tukunya mai nauyi. Mushe da mabiyiya a binne su da zurfi, don in ka yi musu rufin sama-sama dila zai tone kafin gari ya waye. In ka yanka dabba ran suna ko ran salla, ka rufe jinin da ƙasa, kada a bar fata a shanye a waje ta kwana. 'Ya'yan itacen da suka zuba a garka, irin su mangwaro da gwanda da gwaiba, a sa yara su tsince kafin magariba. Kankanar da ta fashe a lambu a fitar da ita, kada a bar ta tana ƙamshi.

Kaji su ne abu na biyu. Gidan da kaji ke kwana a kan danga ko a gindin rumbu, lalle zai yi baƙin dare. Ka gina akurki na ƙasa mai kauri, ka daɓe cikinsa, ka yi masa murfi mai ƙarfi, a riƙa tokare shi da dutse. Kada a bar wannan aiki ga wanda ya tuna. A ba yaro guda, a ce aikinsa ke nan kullum magariba. Kaza mai kwanci kuma a shigar da ita ciki da ƙwanta. Dilan da ya zo sau uku ko huɗu bai sami kome ba, ya kan sauya hanya, don shi ma ba ya son wahalar banza.

Sai danga. Nan mutane da yawa ke kuskure. Su kan ɗaga danga ta yi tsawo, su manta da gindinta. Alhali kuwa dila da yanyawa ta ƙasa su ke shiga. Dangar kara in ta shekara, gara ta cinye gindinta, ko ɗan akuya ma ya kutsa. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. In za ka kafa danga, ka haƙa mata rami kamar kamu guda, ka dasa karan a ciki a matse, ka cika da ƙasa da tsakuwa ka daddanne. Tsawonta ya kai tsayin mutum. Daga waje kuma ka jera ƙaya a gindinta, ta magarya ko farar ƙaya ko sarƙaƙiya, faɗin taki guda, ka danne da itace don kada iska ta kwashe. Dabbar da za ta yi tono sai ta matso jikin danga tukuna, ƙayar nan kuwa ita ke hana ta matsowa.

Wanda ke da halin sayen ragar waya, ga dabara. Kada ka tsai da ita a kan ƙasa kawai. Ka lanƙwasa gindinta ya kwanta waje, faɗin kamu guda, ka rufe da ƙasa. In dila ya zo ya fara tono a gindi, sai faratansa su ci karo da waya. Duk wayonsa ba ya kan yi tunanin ja da baya ya faro tonon daga nesa. Ka zaɓi waya mai kauri, domin siririyar nan ta kejin kaji dila yana iya tsinka ta da haƙori.

Shinge mai rai ya fi duka daɗewa. A kan dasa aguwa, ko dashi, ko cini-da-zugu, ko lalle, a matse, da farkon damina. Sai dai shekara biyu ko uku ya ke ɗauka kafin ya rufe, kuma in ya girma gindinsa ya kan buɗe, dole a riƙa cusa ƙaya. A kula da yara, ruwan aguwa yana ɓata ido, 'ya'yan cini-da-zugu kuma guba ne in an ci. Kada ka manta da rariya da ƙofar garka. Rariya a sa mata sandunan ƙarfe ko duwatsu yadda ruwa zai wuce, dabba ba za ta wuce ba. Ƙarƙashin ƙofa kuma a shimfiɗa faffaɗan dutse ko gungume.

Kyanwa dai danga ba ta tsare ta, ta kan haye ta fita. Saboda haka sai an koya mata kwana a gida. Hanyar kuwa ta ciki ce. Ka riƙa ba ta ɗan abinci kullum a lokaci guda, da magariba, a cikin ɗaki ko zaure. In za ka ba ta, ka ƙwanƙwasa kwano. Kafin mako biyu, da ta ji ƙarar nan za ta sheƙo ko daga ina ta ke. In ta ci, a ɗauke kwanon a wanke, kada saura ya kwana a tsakar gida. Waɗansu na cewa in ka ciyar da kyanwa ba za ta kama ɓera ba. Wannan ba gaskiya ba ne. Farauta halinta ce, ko ta ƙoshi tana yi. Mai jin yunwa ita ce ke nisan yawo har bakin daji, can inda dila ya ke jira. Wurin kwananta ya fi kyau ya zama inda hatsi ya ke, ɗakin ajiya ko kusa da rumbu a cikin katanga, ta yi tsaro ita ma ta tsaru.

A cikin garka ko lambu kuma ka bar mata mafaka. Dila ba ya hawa itace, kyanwa kuwa ƙiftawar ido ta kai sama. In akwai zogale ko darbejiya, to. In babu, ka kafa dirka mai kauri wadda ta fi mutum tsawo, ka ɗaura ɗan katako a kanta. Rumfar mai gadi ma ta isa. Tarin kara da doguwar ciyawa a jikin danga kuwa a kawar, nan a ke laɓewa.

'Ya'ya su ne masu bukatar kulawa sosai. Cikin kyanwa kwana 63 ne zuwa 65, watau mako 9. Ta kan haifi 3, ko 4, ko 5. Suna zuwa ido rufe, sai bayan kwana 7 zuwa 10 su ke buɗewa. In ba a tanadar mata wuri ba, za ta je ta haihu a cikin tarin kara ko ƙarƙashin rumbu, ta fita neman abinci ta bar su ba mai tsaro. Da ka ga cikinta ya tsufa, ka sa tsumma a tsohon kwando ko kwali, ka ajiye a lungun ɗaki mai duhu inda ba a yawan shiga. A hana yara jagwalgwala su, domin in an dame ta za ta kwashe su da baki ɗaya-ɗaya ta mayar waje. Su kan yi mako 8 suna shan nono. Bayan yaye ma kada a bar su su kwana a waje sai sun kai wata 5 ko 6.

Akwai masu kafa mutum-mutumi, da masu rataya gwangwanaye a igiya, da masu kunna fitilar nan mai caji da rana. Duk suna aiki, amma na 'yan kwanaki. Da dila ya gane abin ba ya cizo, sai ya bi ta gabansa ya wuce. In za ka yi, ka riƙa sauya musu wuri bayan kwana biyu ko uku. Kare ya fi su duka, in tun yana kwikwiyo ya tashi tare da kyanwar. Karen da aka kawo da girmansa kuwa, ka yi hattara, kada maganin ya fi cutar.

To, guba fa? Wani in ransa ya ɓaci sai ya sami nama ya barbaɗa masa maganin ɓera ko maganin ƙwarin gona, ya ajiye a bayan danga. Kada ka yi. Wa ya fi kusa da naman nan, dila da ke daji ko kyanwarka da ke gida? Ita za ta fara ci. In ta tsira, karen maƙwabci ya ci, ko ungulu, ko kaji su tsattsaga, ga kuma yara masu rarrafe. Ko ɓeran da ya ci guba, in kyanwa ta cinye shi, gubar tana iya kama ta. Tarkon ƙarfe ma haka, ba ya tambayar ƙafar wa ya kama.

Kisa kuma ba ya ƙarar da su. A Ingila akwai wata irin yanyawa ja, wadda ta fi tamu girma, ta kan kai kilo 5 zuwa 7. Tun wajen shekarun 1930 ta fara shiga birane, yanzu har tsakiyar Landan tana yawo da dare tana binciken kwandon shara. Hukumomin waɗansu unguwanni sun yi shekaru suna harbi suna kafa tarko, daga baya suka bari, don sun ga in an kashe guda, ba a daɗewa wata ta zo ta gaje wurin. Muddin abinci na nan, mai ci zai zo. Shawarar da a ke ba masu kyanwa a can ita ce su rufe shara, su toshe kafofi, su shigar da ƙanana da tsofaffi ɗaki da dare. Masu binciken dabbobi na can kuma sun tarar ba safai jar yanyawar nan ke kashe babbar kyanwa mai lafiya ba.

Tamu yanyawar ma tana da amfani in ta tsaya a gona, don ɓera da fara ta ke ci, abokan gaban manomi. In raminta na nesa, ka ƙyale ta. In ya matso jikin garka, kada ka toshe shi da gaggawa, wataƙila da 'ya'ya a ciki, uwar kuwa za ta tone duk abin da ka zuba. Ka cusa busasshiyar ciyawa sako-sako a bakin ramin, ka riƙa dubawa. In ta yi mako guda ba a ture ta ba, babu kowa ciki, sai ka cika shi da duwatsu. Kada ka zura hannu, maciji na son tsohon rami.

Saura magana guda, ita ce mafi nauyi, watau ciwon haukan kare. Ba kare kaɗai ya ke kamawa ba. Yana kama dila, da yanyawa, da kyanwa, da mutum. A cikin yawu ya ke, ta cizo ya ke shiga jiki. Da zarar alamunsa sun bayyana, kusan ba mai tashi. Amma ana riga shi da allura. Wani masani mutumin Faransa, Luwi Fasto, shi ya fara yi wa mutum allurar nan a 1885. A Vom kusa da Jos akwai babbar ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi, wadda ke can tun 1924, tana yin allurar rigakafin ciwon nan ta karnuka. Kyanwa ma tana da tata. Ka kai ta wurin likitan dabbobi in ta kai wata 3, a kuma riƙa sabuntawa yadda ya faɗa maka.

Dila mai lafiya yana gudun mutum. In ka ga dila ko yanyawa da rana tsaka a cikin gari, ba ya tsoron kowa, yana tangaɗi, yawu na zuba, kada ka matsa. A kwashe yara a shiga ɗaki, a gaya wa mai unguwa da malamin dabbobi. In an ciji kyanwarka, kada ka taɓa raunin da hannu tsirara. Ka lulluɓe ta da buhu, ka rufe ta ita kaɗai a ɗaki da ruwan sha, ka kira malamin dabbobi. Kada ka ba ta ƙwayar ciwon kai ta mutane, farasitamol guda ɗaya yana kashe kyanwa.

In kuwa mutum aka ciza ko aka yakusa, babba ko yaro, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa ana cuɗawa har minti 15. Kada a ɗaure, kada a shafa toka ko barkono. A tafi asibiti ran nan, kada a jira gobe, a gaya wa likita irin dabbar da ta yi cizon da lokacin da ta yi. Allurar ba guda ɗaya ba ce, za a rubuta maka ranakun komawa a kati. Ka adana katin, ka koma ko wace rana da aka rubuta, ko da raunin ya warke.